Zafin bazara da gobara: ɗan kasuwa ya san yanayin gobe kafin ya saro kaya

A wata safiya ta watan Afrilu, bayan na gama karanta hasashen yanayi a cikin shirinmu na safe a rediyo, wata baiwar Allah mai saida tumatir da salati ta bugo waya. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce tana da tambaya. Ta ce mene ne amfanin a riƙa gaya wa mutane za a yi zafi a bazara, abin da ko yaron goye ya sani, alhali ita jiya-jiyan nan kwando biyu na tumatir suka lalace mata a rumfa, kuma kuɗin na adashe ne. Na ba ta haƙuri, na amsa mata iya abin da minti biyu suka ɗauka, aka shiga talla. To amma fa tambayar Hajiya ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na kawo amsar a wannan shafi, saboda ita da sauran iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Gaskiyarta ne, kowa ya san bazara da zafi. Sai dai ranakun bazara ba su zama ɗaya. A cikin watannin Maris, Afrilu da Mayu akwai wasu kwanaki huɗu ko biyar da kan zo a jere, zafin rana ya wuce yadda aka saba, dare kuma ya ƙi yin sanyi. A cikin waɗannan kwanaki ne kaya suka fi lalacewa, tsofaffi suka fi faɗuwa, wuta ta fi saurin kamawa. Su ne kuma ma'aikatan hasashen yanayi, waɗanda muka fi sani da masu meteyo, suke iya hangowa tun da sauran kwanaki. Wanda ya ji labarin tun ranar Litinin cewa Alhamis da Juma'a za su yi tsanani, ba zai saro kwando huɗu ranar Laraba ba.

Darasin shekarar 2024

Duk wanda yake wannan yanki a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024 bai manta ba. Zafin ya rufe ƙasashen Sahel tun daga Senegal har Cadi, ya kuma faɗo cikin watan azumi, ga yawan yankewar kuran a garuruwa. A ranar 3 ga Afrilu an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako, babban asibitin Gabriel Touré ya ba da labarin mutuwar mutum 102 a cikin kwanaki huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne suka rasu a wurin. Wajen rabin mamatan sun haura shekara 60, kuma likitocin sun danganta da yawa daga ciki da zafin.

Bayan abin ya lafa, wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna World Weather Attribution ta bi diddiginsa. Ta ce a Mali da Burkina Faso ɗumamar duniya, wadda hayaƙin man fetur da gas da kwal ke haddasawa, ta ƙara wa zafin rana wajen digiri 1.5, na dare kuma wajen digiri 2. Wani zai ce digiri biyu ai ba wani abu ba ne. A tambayi uwar da zazzaɓin ɗanta ya tashi daga 38 zuwa 40. Masanan sun kuma yi gargaɗin cewa matuƙar duniya ta ci gaba da ɗumama, irin wannan zafi zai riƙa dawowa akai-akai. Mu ma a nan gida ba baƙi ba ne ga manyan alƙaluma, tunda a watan Yunin 2010 an auna digiri 48.2 a Bilma.

Daga ina zafin yake fitowa?

Dalili na farko rana ce da kanta. A ƙarshen watan Afrilu rana kan tsaya daidai saman kanmu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Kowa na iya gwadawa: ka tsaya a fili da tsakar rana a waɗannan kwanaki, za ka ga inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Dalili na biyu ƙasa ce. Tun watan Oktoba ba ta ga ruwa ba, babu danshin da zai sha zafin, saboda haka duk abin da rana ta zubo sai ya koma gasa yashi da iska. Shi ya sa a Yamai, a watan Afrilu, digiri 40 zuwa 41 da rana shi ne abin da aka saba.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi wahalar da mutane, wato gumi. Yayin da damana ke matsowa, iska mai danshi daga teku kan turo daga kudu, ta ci karo da busasshiyar iskar hamada. Kafin ruwa ya sauka, danshin nan kan zauna a sama kamar bargo, ya hana zafin da ƙasa ta sha da rana fita da dare. Sai a kwana digiri 30 ko fiye, a tashi jiki bai huta ba. Ga shi kuma jikin mutum da zufa yake huce kansa, idan iska ta busar da ita. In iskar ta riga ta ƙoshi da danshi, zufar sai dai ta yi ta zuba ba ta bushewa. Wannan ne ya sa digiri 42 na watan Mayu ya fi na Maris illa.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da alƙaluman da muke karantawa a rediyo. Ana auna su ne a inuwa, cikin wani farin akwati mai ƙofofin iska da aka ɗaga sama da ƙasa kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan in kin ji an ce 44, to a cikin shagon kwano, ko bakin kaskon suya, ko kan kwalta a tasha, abin ya zarce haka nesa.

Yadda ake hango shi

Aikin yana farawa daga tashoshin awo da ke filayen jirgin sama da wasu garuruwa, inda ma'aikata ke rubuta zafi, danshi, ƙarfin iska da inda ta fito, sau da yawa a yini. A wasu tashoshi ana sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura, ta hau sama kilomita da dama tana aiko da awo. Can kuma sama, nisan kilomita 36,000, akwai taurarin ɗan Adam na Meteosat da ke ɗaukar hoton Afirka kowane minti 15, sabon cikinsu ma kowane minti 10. Duk wannan awo na duniya ake zuba wa manyan kwamfutoci a Turai da Amurka, su lissafa yadda iska za ta motsa a kwanaki masu zuwa. Sannan ma'aikatar meteyo ta ƙasa ta ɗauki sakamakon, ta gwama shi da sanin da take da shi na ƙasarmu, ta fitar da sanarwa.

Mutane da yawa ba su san cewa biyu daga manyan cibiyoyin wannan aiki a Afirka a Yamai suke ba. Akwai AGRHYMET, wadda ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ta kafa a 1974 bayan babban farin farkon shekarun 1970, tana horar da ma'aikata tana kuma bin lamarin ruwa, noma da makiyaya. Akwai kuma ACMAD, mai kula da hasashen nahiyar baki ɗaya. Kowace shekara kafin faɗuwar damana masana na yankin kan taru su fitar da hasashen yadda ruwan shekarar zai kasance.

Wane hasashe ne abin dogaro? Na gobe, jibi da gata yana da ƙarfi ƙwarai, musamman a kan zafi, don zafi kan rufe yanki mai faɗi lokaci guda, ba kamar hadari ba da zai zuba a wannan unguwa ya tsallake waccan. Na mako guda yana da amfani wajen shiri, amma a riƙa sake saurare. Abin da ya wuce kwana goma kuwa, alama ce kawai ta inda aka dosa. In aka ce akwai yiwuwar kashi 70 cikin 100, ma'anarsa a cikin irin wannan hali sau goma, sau bakwai abin kan faru. Ɗan kasuwa ya san irin wannan lissafi, don da shi yake sayen wake a kaka yana sa ran tashinsa, ba tare da wani ya rantse masa ba.

Wasu dattawa kan kira mu su ce wannan ai shiga gaibu ne. Ina girmama su, amma manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, ba wanda ya ce masa ɗan duba. Masu meteyo ma alamu suke karantawa, sai dai idonsu ya fi namu nisa saboda na'ura. Sanin gobe tabbas sai Allah, kuma Shi ne ya ba mu hankalin da za mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Abin da ya kamata a yi hattara da shi su ne saƙonnin da ake turawa ta WhatsApp ba sunan ma'aikata, ba kwanan wata, suna tsorata jama'a. A nemi sanarwar meteyo ta Muryar Sahel, Tele Sahel, rediyoyi masu zaman kansu da na karkara.

Abin da mai kaya zai yi da labarin

Mu koma kan Hajiya mai tumatir. A ce, misali, ta saba sarin kwando uku a jika goma-goma. Ranar tsananin zafi masu cefane kan ragu da rana, kaya kuma su yi laushi kafin la'asar. In kwando ɗaya ya lalace, jika goma ta tafi, ribar sauran biyun ba za ta rufe ramin ba. Da ta ji sanarwa ta saro biyu, ta fito tun da asuba, ta karya kuɗin abin da ya rage kafin azahar, da uwar kuɗinta ta tsira. Haka abin yake ga masu salati, kabeji, mangwaro, ɗanyen kifi, nama, ƙwai, nono da fura. Mahauci ya rage yanka, mai kaji ya rage cunkoso a keji ya yawaita masu ruwa, don kaza ba ta zufa, da haki take huce jikinta, kuma a irin waɗannan kwanaki ne ake wayar gari a tarar da su a kwance. Mai ɗauko kaya daga lambu ya yi lodi da yamma ya yi tafiyar dare ko ta asuba inda hanya ke da tsaro.

Wadda ba ta da firigo, ko take da shi ba kuran, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malamin makaranta na jihar Jigawa a Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya tumatir da tattasai su ƙara kwanaki. Ta fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe, in gumi ya shigo ƙarfinta kan ragu. Masu albasa na Galmi da Madawa kuwa, da girbinsu ke faɗowa cikin bazara, sun san cewa rudu mai shan iska ya fi buhun da aka jibge a rana.

Masu shaguna su ma abin ya shafe su. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada a ajiye su a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30, don ƙarfinsu kan ragu. Man shafawa, turare, cakulan da batir duk ba su son ɗakin kwano rufe. A gefe guda, sanarwar zafi labarin ciniki ce ga masu ƙanƙara, ruwan leda, zoɓo, lemun tsamiya, mafici da randa, sai su shirya tun da wuri.

Akwai kuma wani lissafi da dillalan dabbobi ya kamata su fara yi. Watannin Musulunci kan matso da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. Babbar Salla ta 2025 ta faɗo a farkon Yuni, lissafin kalanda ya sa ta 2026 a ƙarshen Mayu, ta 2027 a tsakiyar Mayu, daga nan kuma sai ƙara shiga tsakiyar bazara. Ke nan na wasu shekaru cinikin ragunan layya cikin mafi tsananin zafi za a riƙa yin sa. Ragon da aka cusa a babbar mota da tsakar rana, ko aka ɗaure a turke ba inuwa ba ruwa, zai rame ko ya mutu a hannun mai shi. Rumfa da ruwa a kasuwar dabbobi sun shiga cikin jari.

Jiki ya fi kaya

Kaya in sun lalace ana iya mayarwa. Waɗanda zafi ya fi kayarwa su ne tsofaffi, jarirai, masu juna biyu, masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, sai kuma masu aikin ƙarfi a rana: ƴan dako, ƴan ga-ruwa, masu tura baro, ƴan kabu-kabu da yara masu talla. Mai aiki a zafi ya sha kamar kofi ɗaya na ruwa kowane minti 20, kada ya jira sai ƙishi ya kama shi. Fitsari in ya yi ja ya kuma ragu, jiki ne ke neman ruwa. Wanda ya yi zufa da yawa har jiri ya kama shi, a haɗa masa ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Iyaye mata masu suyar ƙosai, awara da waina, a yi wa Allah a sauke goyo a inuwa nesa da murhu. Jaririn da bai kai wata shida ba a yawaita ba shi nono, uwar kuma ta yawaita shan ruwa. Alhazai masu manyan shaguna, a ɗage lodi da sauke kaya zuwa safiya ko bayan la'asar, a ajiye wa yaran shago randa.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce mutum ya ruɗe, ya fara maganar da ba kai, ko ya suma, jikinsa rau da zafi. Nan take a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa likita ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, kada kuma a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi har lokaci ya ƙure.

Wutar daji

Gobarar daji abu uku take bukata: abin ci, busasshiyar iska, da iska mai ƙarfi da za ta kora ta. Duk ukun ana iya auna su, shi ya sa ita ma ake hasashen haɗarinta. A ƙasarmu lokacinta mafi muni yana farawa ne da ɗaukewar damana, daga Oktoba har cikin hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe tana tsaye, iskar arewa maso gabas ta taso. Yankin da ya fi shan wahala shi ne na makiyaya, arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata: Abalak, Cintabaradan, Tasara, Bermo, arewacin Dakwaro, Tanut da Ingal.

Abin mamaki, shekarar albarka ita ce shekarar haɗari. In damana ta yi kyau ciyawa kan yi kauri ta haɗe, wuta ta samu hanyar gudu ba tsayawa. Saboda haka bayan damana mai ruwa irin ta 2024, wadda ambaliyarta ta ci rayukan mutane kusan 400 a Nijar ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, masana kan fara gargaɗi a kan wuta tun ƙasa ba ta gama bushewa ba. Taurarin ɗan Adam kan auna koren ƙasa a lokacin damana, daga nan a ƙiyasta yawan ciyawar kowane yanki. Wasu kuma, irin na hukumar NASA ta Amurka, kan hango wuraren da wuta ke ci su sa alama a taswira. Amma waɗannan sau kaɗan suke giftawa a yini, ƙaramar wuta kuma tana iya ɓace masu, don haka idon makiyayi da wayarsa har yanzu su ne kan gaba.

Masomin wutar kusan kullum hannun mutum ne: garwashin shayi da matafiyi ya bari bai binne ba, guntun taba da aka jefo daga mota, masu farautar gafiya da masu ɗibar zuma. A bazara kuma sai ga ƙonar sassabe, lokacin da manoma ke share gonaki, ga kara da harawa jibge kan rumfuna da bayan gidaje, ga guguwa da iskar farkon hadari mai zuwa ba ruwa. Wutar da aka kunna a gona da rana tsaka ranar iska, kafin a ankara ta shiga rumbuna. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci a kan masu haddasa gobarar daji.

Me ya haɗa mai rumfa a Maraɗi da wutar da ta ci a Abalak? Ma'aikatan kiwo suna lissafin cewa saniya mai nauyin kilo 250 na bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a rana, wato kimanin tan 1.7 a watanni tara na rani. A ce hekta 1,000 masu tan guda-guda suka ƙone. Ko da kashi ɗaya cikin uku kaɗai dabba ke mora, saura iska da gara da tattaki su cinye, abincin shanu wajen 200 na rani guda ya tafi a yini ɗaya. Makiyayin da ya rasa ciyawa dole ya kai dabbobinsa Abalak, Dakwaro, Tunfafi ko Bakin Birji ya sayar da arha, ko ya gangaro kudu da wuri gonaki ba a gama kwashewa ba, rigima ta tashi. Bayan ƴan watanni nono, man shanu da cuku su yi wuya, dusa da harawa su hau, nama ya bi su. Waɗanda suka ga 2010, lokacin da rashin ciyawa ya kashe dabbobi ya kuma karya darajar waɗanda suka rage, sun san yadda abin kan biyo har cikin tukunya.

Maganin da aka sani shi ne hanyoyin tare wuta. Da ɗaukewar ruwa ake share dogon layi mai faɗin mita 15 zuwa 20 a cikin daji, a kwashe ciyawar tas, yadda in wuta ta iso za ta rasa abin ci. Gwamnati da ƙungiyoyi kan biya mutanen karkara su yi aikin, ciyawar da aka kwashe kuma a ajiye ko a sayar. Amfanin hasashe a nan shi ne ya nuna inda ciyawa ta fi yawa, a fara da can, kuma a yi shi a Oktoba. Direbobi da fatake masu bin hanyar Tawa zuwa Agadas ko Damagaram zuwa Tanut, ku binne wutar shayinku da yashi kafin ku tashi, in kun hangi hayaƙi ku sanar da jandarma, ma'aikatan gandun daji ko hakimin wuri mafi kusa.

Wutar kasuwa

Iskar da ta busar da daji ita ce ta busar da zana, katako da buhunan da ke rumfunanmu. Mutanen Yamai ba su manta gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a ƙarshen Maris na 1982 ba, wadda sai a 1987 aka sake buɗewa, haka ma ta Ƙaramar Kasuwa a 2012. A watan Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara 20 ko fiye suka rasu, a Nuwamban shekarar kuma irin haka ta faru a Maraɗi, aka rasa yara sama da 20. Kowace da musabbabinta, amma dukkansu a lokacin rani suka faru, cikin busassun kaya. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A kwanakin da aka yi sanarwar zafi ko iska mai ƙarfi, abu huɗu ne za a sa wa ido. Na ɗaya, wayoyin kuran: fanka, firigo da injin ƙanƙara duk a kan waya ɗaya da aka yi wa jone-jone, waya ta yi zafi ta narke. A kashe komai kafin a rufe shago, don sau da yawa kuran kan dawo cikin dare ba kowa a wurin. Na biyu, esansi na kwalba da na bido: tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da murhun mai shayi ko mai tsire da ke nesa. A ajiye shi a inuwa, a rufe, a nisanta shi da wuta. Na uku, tukunyar gas, kada a bar ta a rana, a duba tiyo. Na huɗu, garwashin masu abinci, a kashe shi da ruwa kafin a tashi. Kowane layi ya tanadi bokitin yashi da duron ruwa. Wutar mai da ta kuran ba a zuba masu ruwa, da yashi ake kashe su, ta kuran kuma sai an fara yanke ta. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Amma motarsu ba ta tashi sama, in teburori sun toshe hanyar shiga kasuwa, a bakin ƙofa za ta tsaya.

Kira ga shugabanni

Labarin zafi yana fita daga Yamai, matsalar ita ce sau da yawa da Faransanci yake fita, a takarda ko a intanet, ba ya isa rumfar da ta fi bukatarsa. Mu ma'aikatan rediyo nauyinmu ne mu fassara shi da harshen da za a gane, mu kuma faɗi abin da za a yi da shi. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na iya wakilta mutum ɗaya da zai riƙa bin sanarwar kowace safiya, in akwai gargaɗi a yi shela da lasifika kamar yadda ake cigiyar yaro. Magadan gari kuma, da suke karɓar kuɗin tikiti kullum, su duba maganar pampo, inuwa da hanyar motar kashe gobara a kowace kasuwa tun kafin watan Maris.

Hajiya mai tumatir, kin saba tambayar kuɗin kwando kafin ki fito daga gida. Daga yau ki ƙara da tambayar yanayin gobe da jibi, ba a biyan ko dala a kansa. Allah ya maida maki abin da kika rasa, ya ba mu bazara mai sauƙi da damana mai albarka, ya kiyashe mu da gobara a gida da daji, amin.